Takardar da ake miƙa wa ɗan jinya: ina kasuwar kayan tiyata ta dosa a Najeriya?

Shekara biyu ke nan da wani dare da aka kwantar da ɗan yayata a asibiti, bayan zazzaɓin taifod ya huda masa hanji. Likita ya ce ba a jira sai safe, dole a buɗe cikin a daren. Ina tsaye a baranda sai wata nas ta miƙo mini ƴar takarda ta ce, "Baba, a kawo waɗannan yanzu-yanzu, su muke jira." Na duba: safar hannu, zaren ɗinki iri biyu, askar fiɗa, ledojin ƙarin ruwa, robar fitsari, robar da ake zurawa ta hanci, bandeji da filasta. Na tsallaka titi zuwa wani kemis da ba ya rufewa. Yaron shagon ya karanta takardar, ya ɗago kai ya tambaye ni, "Alhaji, zaren na Ethicon za a ba ka ko na Indiya?" Ban san bambancinsu ba, shi ma abin da ya iya gaya mini bai wuce bambancin kuɗi ba. Ni da ban taɓa shiga ɗakin tiyata ba, ni aka bar wa zaɓin zaren da za a ɗinke hanjin yaro da shi, da ƙarfe ɗayan dare, gwargwadon abin da ke aljihuna. Allah ya sa aikin ya yi kyau, yaron yana makaranta yanzu. Amma tun daga ranar na daina kallon kasuwar kayan tiyata a matsayin harkar manyan kamfanoni da ma'aikatar lafiya kaɗai. Babban mai saye a wannan kasuwa a Najeriya shi ne ɗan jinya, kuma yana saye ne a lokacin da ba shi da natsuwar taya farashi.

Sai an riƙe wannan a rai sannan sauran bayanin zai zauna. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Kayan kuwa kusan dukkansu da dala ake shigo da su. Mai saye yana samun naira, kaya suna bin dala, tsakanin waɗannan biyu kasuwar take numfashi.

Idan an ce kayan tiyata, ana haɗa abubuwan da tafiyarsu a kasuwa ta sha bamban. Akwai kayan ƙarfe da ake wankewa a dafa a sake amfani da su shekara da shekaru: almakashi, hantsaki iri-iri, mariƙin allura, ƙarafan da ake buɗe ciki da su a riƙe. Masu tsadarsu daga Jamus suke zuwa, musamman garin Tuttlingen inda kamfanin Aesculap yake, masu sauƙin kuɗin kuma daga birnin Sialkot na Pakistan. Akwai injuna: fitilar tiyata, gadon fiɗa, injin sa barci, injin zuƙe jini da ruwa, na'urar da ke ƙone bakin jijiya da lantarki don tsayar da jini, da tukunyar tururi da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita. Sai kuma kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, irin waɗanda ke cikin takardata. A nan kuɗin yake. Asibiti zai sayi gadon fiɗa sau ɗaya ya shekara goma ko fiye bai sake ba, amma duk cikin da aka buɗe sai ya ci zare, ya ci safar hannu, ya ci aska. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ya fi damuwa da yawan ayyukan da ake yi a mako fiye da yawan gine-ginen da ake ƙaddamarwa.

Ta fuskar buƙata, ba a magana. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ce mutane biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata. Ya sa ma'auni cewa ƙasa tana buƙatar aƙalla ayyuka 5,000 a shekara ga kowane mutum 100,000. Idan aka auna da yawan ƴan Najeriya, da suka haura miliyan 200, maganar ta wuce aiki miliyan 10 a shekara, kuma babu wanda ya san asibitocinmu da zai ce mun kusa da haka. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar da ake yi ta hanyar fiɗa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin mace-macen mata masu haihuwa na ci gaba da raguwa har sai adadin ya kai wajen kashi 10. Hukumar ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a Najeriya a 2023, wato sama da rubu'in na duniya baki ɗaya. Mu a Arewa mun san abin da naƙuda mai tsawo take bari a baya. Cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a Kano shaida ne. Ƙara da ƙaba da gwaiwa da manoma ke yawo da su shekaru, da hatsarin mota da na babur, da raunin harbi a yankunan da ƴan bindiga suka addaba.

Sai dai buƙata daban, ciniki daban. Mutum miliyan da ke buƙatar aiki ba su zama kasuwa ba sai an samu wanda zai biya. Duk wani hasashe da ya ɗauki yawan jama'a ya ninka da wani adadi ya ce ga girman kasuwar, ina ganin ya tsallake wannan rami ne.

Abin da ya fi girgiza kasuwar a ƴan shekarun nan shi ne faɗuwar naira. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Ga mai shigo da kaya dukan biyu ne: ya sayi dala da tsada, sannan kwastam su ma su lissafa masa haraji da sabon farashin. Wanda ya ba asibitin gwamnati kaya bashi a kan tsohon farashi, aka biya shi bayan watanni, ya ga kuɗin ba za su maido masa da rabin kayan ba. Da yawa sun daina ba da bashi, wasu sun rage abin da suke ajiyewa a sito, sai ka biya sannan a yi odar kayan. A wannan tsakani ne manyan kamfanonin magani irin su GSK suka daina sayar da kayansu da kansu a ƙasar suka miƙa wa dillalai. Ba kayan fiɗa suke yi ba, amma dalilin da ya kore su, wato wahalar samun dala da fitar da riba, shi ne yake sa kamfanonin kayan fiɗa na Turai da Amurka su ma su fi son aiki ta hannun wakilai. Kowane hannu da kaya suka bi kuwa yana ƙara nasa.

Sakamakon farko shi ne kasuwar ta karkata gabas. Zaren Indiya, safar hannun Malesiya da Sin, injunan kamfanonin Sin irin su Mindray, kayan ƙarfen Pakistan da na Turkiyya, sun cike gurbin da tsada ta buɗe. Ni ban ga aibu a wannan ba. Akwai kamfanonin Indiya da na Sin da kayansu suka cika duk ƙa'idojin da ake nema, ana amfani da su har a Turai. Matsalar ita ce ƙofar da kayan kirki masu araha suka shigo ta nan ne jabu ma suke bi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a ɗakin tiyata kuwa abin ya wuce maganar ado. Zaren da ya narke kafin lokaci yana nufin ɗinki ya warware a cikin mutum. Hantsakin da aka yi da ƙarfe marar kyau yana tsatsa bayan an dafa shi sau kaɗan, bakinsa ya daina kamawa a daidai lokacin da jijiya ke zubar da jini. Akwai ma zaren da ake buga wa sunan babban kamfani da kwalinsa, likita ba zai gane ba sai ya ji yadda allurar take lanƙwashewa a hannunsa.

Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar waɗannan kaya, kuma ta yi ƙoƙari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ta zuwa mataki na uku a ma'aunin hukumomin sa ido, ko da yake wannan a kan magunguna da rigakafi ne. An kuma taɓa kasuwannin da kaya ke bi. A Kano, a Fabrairun 2024, aka rufe shagunan masu sayar da magani a Sabon Gari aka tilasta musu komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, a farkon 2025 kuma aka rufe kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba na wani lokaci ana bincike. Ƴan kasuwa sun koka, wasu koke-koken nasu kan kuɗin haya suna da tushe. Amma zare da safar hannu kaya ne da zafi ke lalatawa, kuma wanda ya taɓa shiga lungunan da ake jibge su a watan Afrilu ba zai yi musun cewa tattara sari a wuri guda da ake iya dubawa ci gaba ba ne. Kano ba kanta kaɗai take ciyarwa ba. Daga nan kaya ke tafiya Jigawa da Yobe da Katsina har su tsallaka Maraɗi da Damagaram, don haka tsabtar wannan kasuwa ta shafi jama'a da yawa.

Bangaren injuna shi ne ya fi ɗaukar ido, kuma shi ne ya fi ɓarnar kuɗi. Duk wanda ya zaga bayan babban asibiti ya san ɗakin nan da ake tara injunan da suka tsaya. Wasu kyauta aka kawo su daga waje babu littafin bayani babu kayan gyara, wasu an yi su ne don wutar da ba irin tamu ba, wasu kuma sababbi ne fil, kwangila ce aka bayar aka kawo aka ɗauki hoto, ba a sa kuɗin kula da su a lissafi ba. Wani abu ƙarami ne yake mutuwa, batir ko wata waya ko fiyus, sai injin miliyoyi ya kwanta don babu injiniyan da zai buɗe shi. Sannan ga wuta. Tukunyar tururi tana shan lantarki sosai, ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri kuma yana cinye ta. Tun da aka kai kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, manyan asibitocin koyarwa suke kuka da takardar wuta, ga dizal ya yi tsada. Wannan ya fara sauya irin abin da ake nema: fitilar tiyata mai ɗan cin wuta da batir a jikinta, injin sa barci da zai iya aiki da na'urar tace oksijin daga iska, sola da ke riƙe ɗakin tiyata shi kaɗai. Ya kuma sauya yadda ake ciniki. Yanzu akwai masu kawo inji su ajiye a asibiti ba tare da an biya kuɗinsa a dunƙule ba, su riƙa kula da shi, a riƙa biyansu bisa yawan aikin da aka yi ko ta hanyar sayen kayan da injin yake ci. Tsarin yana da haɗarinsa, don yakan ɗaure asibiti da kamfani guda, kuma daga ƙarshe kuɗin a kan majiyyaci yake sauka. Duk da haka ya fi injin da ke kwance a sito, domin mai kayan ba ya samun ko sisi idan injin ya tsaya.

Akwai wani abu da ƴan kasuwa da masu kasafi suka yi wa riƙon sakainar kashi. A 2018 aka wallafa wani bincike da ya bi majiyyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na matsakaicin duniya, duk da cewa majiyyatan sun fi ƙuruciya kuma ayyukan ba su kai na can nauyi ba. Mafi yawansu ba a kan gadon fiɗa suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, inda ba a lura da wuri cewa jiki ya fara rikicewa ba. Wato ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa a auna oksijin, da ma'aunin hawan jini, da nas ɗin da za ta duba su, suna cikin kayan tiyata ko da ba a lissafa su a haka.

A ɗaya ƙarshen kasuwar kuma ana ta hawa sama. Tiyatar da ake huda ciki a zura kyamara maimakon a tsaga shi tana yaɗuwa a asibitoci masu zaman kansu na Legas da Abuja da Kano da kuma asibitocin koyarwa, har an fara jin labarin fiɗa da mutum-mutumi. A Yunin 2025 aka buɗe babban asibitin da bankin Afreximbank ya gina a Abuja tare da asibitin King's College na Landan. Faɗuwar naira ta taimaka a nan ta bayan gida: wanda a da zai tafi Indiya ko Masar ko Dubai ya ga kuɗin jirgi da masauki sun fi ƙarfinsa, sai ya nemi aikin a gida. Wannan ɓangare zai ci gaba da girma kuma ribarsa tana da kauri, aikin ma yana da amfani na gaske, rauni ƙarami, a koma gida da wuri. Amma yawancin kayansa, daga bututun da ake hudawa da shi har zuwa abin da ke ɗinke hanji da ƙusoshin ƙarfe, na amfani ɗaya ne kuma da dala ake saye. Kasuwa ce ta mutane ƙalilan. Akwai kuma iyakar da ba kuɗi ne ke cire ta ba: a 2025 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar a cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Inji ba ya fiɗa shi kaɗai, kuma masu sa barci sun fi likitocin fiɗar ma ƙaranci.

To batun a ƙera a gida fa? Gwamnatin Tinubu ta kafa wani shiri na musamman a 2023 ƙarƙashin Dakta Abdu Mukhtar, da burin a riƙa samar da kashi 70 cikin 100 na kayan lafiya a cikin gida nan da 2030. A Yunin 2024 shugaban ya sa hannu a kan umarnin cire haraji na shekara biyu daga wasu injuna da ɗanyun kayan da masana'antun lafiya ke shigowa da su, sai dai sai a Maris 2025 kwastam suka sanar da fara aiwatarwa. Niyyar mai kyau ce. Darasin da ya kamata a riƙe shi ne na masana'antar sirinji ta Jubilee a Onna ta jihar Akwa Ibom, wadda aka buɗe a 2017 da alfahari, ta dakatar da aiki a farkon 2024. Ƙera abu bai isa ba idan ɗanyen kayan da dala ake saye, wuta daga janareta take, bashin banki yana da ruwa mai nauyi, kuma na waje yana shigowa da araha. Bayan haka ne ma'aikatar lafiya ta umarci asibitocin tarayya su riƙa sayen allura da sirinji daga masu ƙerawa na gida. Abin da ya kamata a fara da shi ke nan tun farko, domin mai masana'anta mai saye tabbatacce yake nema kafin komai. Ina sa ran abin da za a iya yi a gida a shekaru masu zuwa shi ne masu sauƙi: sirinji, auduga da bandeji, rigunan tiyata da mayafansu, gadaje da kekunan tura majiyyaci, haɗa ƙunshin kayan aiki a tsabtace su. Zare da injuna za su daɗe suna zuwa daga waje.

Amma akwai hanyoyin rage tsada da ba sa jiran babbar masana'anta. Likitocin karkara a Indiya ne suka fara gyara ƙaba da ragar gidan sauro marar magani, bayan an dafa ta, maimakon ragar kamfani. A 2016 aka wallafa gwajin da aka yi a Uganda a kan maza kimanin 300: raga mai araha, wadda kuɗinta bai kai dala ɗaya ba, ta yi daidai da ta dala 125 wajen warkewa da rashin dawowar ciwon. Ba ana nufin kowa ya yanki gidan sauronsa ba ne, irin zaren da yadda aka dafa shi suna da ƙa'ida. Abin lura shi ne wani kaso mai yawa na farashin kayan tiyata kuɗin suna ne. Ita kanta Sialkot, labarin da ake bayarwa shi ne wani asibitin mishan ne ya fara kai wa maƙeran garin kayansa su gyara, fiye da shekara ɗari da suka wuce, daga gyara suka koyi ƙerawa, yau suna sayar wa duniya. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna almakasan da ake zubarwa a asibitocinmu don sun dakushe kawai. Da sabon gini gara yaɓe. Sana'ar wasa kayan fiɗa da daidaita su, da ta gyaran injunan asibiti, gurbi ne da ke buɗe, kuma kwalejojin kimiyya da fasaha za su iya cike shi ba tare da an nemi dala ba.

Abin da zai yanke hukunci a kan girman kasuwar, a ganina, shi ne wanda zai biya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma zuwa ƙarshen 2024 waɗanda ke ciki ba su wuce wajen miliyan 20 ba. A Nuwamban 2024 minista ya sanar da fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi ta hannun hukumar inshorar, bayan irin wannan shiri na masu yoyon fitsari. Ga kasuwa wannan babban abu ne, ya fi buɗe kowane katafaren asibiti. Idan hukuma guda ce ke biyan dubban ayyuka iri ɗaya, asibiti zai iya sanin zare nawa zai ci a wata, ya saya a dunƙule, ya zaɓi kamfani bisa inganci, ya ajiye ƙunshi a shirye kafin mai naƙuda ta iso. Hukumomin jihohi masu sayen magani da kayan asibiti a dunƙule, irin wadda Kano take da ita, nan ne amfaninsu yake, don mai sayen kwali dubu yana da bakin taya farashi da na tambayar takardar rajista, abin da ɗan jinya a tsakar dare ba shi da shi.

Hasashena ke nan na shekaru biyar masu zuwa: kayan amfani ɗaya za su fi kowane ɓangare girma, kamfanonin Indiya da Sin za su ƙara cin kasuwar tsakiya, na Turai da Amurka su riƙe manyan asibitocin birane, kuma idan aka lissafa da dala girman ba zai kai yadda lissafin naira zai nuna ba. Inda abin zai iya karyewa shi ne wajen biyan kuɗi. Asibitin da ya yi wa mata ɗari fiɗa kyauta ya riga ya kashe zare da safar hannu da dizal, dillalin da ya ba shi kaya kuma yana da dalar da zai biya a Mumbai ko Shenzhen a ƙarshen wata. Idan kuɗin inshora suka iso a cikin makonni, dillali zai sake kawo kaya, har ya rage farashi. Idan suka ɗauki wata shida, zai rufe littafin bashi, sito ya koma fanko, nas kuma ta koma rubuta wa miji takarda ya tsallaka titi.